Wuni Guda a Bakin Tekun Ikko: Rairayin Nan Na Wane Ne?

Jawabin da aka gabatar a daren taron ƙungiya, a madadin ɗaliban da suka je ziyarar ƙaro ilmi Ikko



Da farko muna godiya ga ƙungiya da ta ɗauki rabin kuɗin motarmu, ta kuma ba mu wannan fili domin mu yi bayanin abin da muka gano. Mu ashirin da biyu muka tafi, kuma mu ashirin da biyu muka dawo, ko da yake, kamar yadda za ku ji nan gaba, saura ƙiris lissafin ya ƙi cika. Kwana biyar muka yi a Ikko, watau Legas. Mun ga tashar jiragen ruwa ta Apapa, mun ga gidan kayan tarihi na Onikan, mun ga kasuwar Mile 12 inda tumatur da albasar ƙasarmu ke sauka dare da rana. Duk waɗannan suna cikin rahoton da muka miƙa wa sashe. Abin da ba ya cikin rahoto shi ne wunin ƙarshe, wanda aka ware mana domin shaƙatawa kawai, aka ce mu je mu ga teku mu huta gajiya. Da muka zauna shawarar abin da za mu faɗa muku yau, sai bakinmu ya zo ɗaya cewa wannan wuni na wasa ya fi sauran kwana huɗun koya mana karatu. Saboda haka a kansa za mu yi magana.

Masaukinmu yana kusa da Obalende, unguwar da tarihinta ya haɗu da na Hausawan da suka yi wa Turawa soja, tun daga rundunar da John Glover ya kafa a Ikko cikin 1863. Da gari ya waye muka shiga mota, direba ya tambaye mu ina muka nufa, muka ce Bar Beach. Ba mu san wani suna ba sai wannan. Shi muka ji a bakin iyayenmu da suka yi aikin gwamnatin tarayya a Ikko kafin a mai da babban birni Abuja cikin 1991. Har ɗaya daga cikinmu ya taho da wani tsohon hoto na mahaifinsa, yana tsaye da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ruwa na wanke masa idon sawu, kuma ya yi alkawari zai tsaya daidai wurin a ɗauke shi. Direba ya dube mu ta madubi, ya yi dariya, ya ce, "Samari, ai kun makara. Wurin nan da kuke faɗa an cike shi, an yi gini a kai." Ya ce akwai wasu wuraren ta hanyar Lekki, amma kusan kowanne da ƙofa da mai karɓar kuɗi, a waɗansu ma kujerar da za ka zauna sai ka biya. Da ya ga yadda muke duban juna, sai ya gane nauyin aljihunmu, ya ce mu tafi Tarkwa Bay, amma fa mu sani mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa.

A Falomo muka shiga kwalekwale mai inji, bakin wani rafi da ya raba Ikoyi da Tsibirin Biktoriya, wanda sunansa da Turanci ke nufin rafin wuri biyar. An ce wuri biyar ake biyan mai fito a can da. Wannan ya tuna mana cewa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi ɗan teku ne, daga tsibiran Maldif da gaɓar Zanzibar jirage suke kawo shi, kuma da yawansa ta irin wannan gaɓa ya shigo ya hauro Arewa. Aka raba mana rigunan ceto masu ruwan goro, matuƙi ya ƙi tayar da inji sai da kowa ya ɗaura tasa. Muddin muna cikin rafi hira ake yi ana dariya. Amma da muka fito sararin mashigar jirage, muka gitta ta gefen wani jirgin kwantena da sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga samansa, igiyar ruwan da ya bari ta ɗaga mu ta sauke, sai hira ta ɗauke. Waɗanda suka fi kowa cika baki a mota su ne suka fi kowa riƙe katako. Tafiyar ba ta wuce minti ashirin ba, amma akwai waɗanda za su rantse muku sa'a guda ce.

Jama'a, mun sha karanta cewa gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, mun sha zana ta a jarrabawa, amma gani ya kori ji. Mutumin da ya tashi inda ake auna ruwa da jarka, in ya tsaya gaban ruwan da ba shi da tsallake, sai ya rasa abin faɗa. Mun ɗanɗana, muka tofar, gama kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Mun kafa sanda a inda ruwa ya tsaya da hantsi, da azahar muka tarar ya bar ta nesa, muka ga da idonmu cikowa da janyewar da aka koya mana cewa wata ne ke jawo su. Mun kori ƙaguwa, mun sha ruwan kwakwa, mun buga ƙwallo har ƙafafu suka gaji da nutsewa cikin rairayi. 'Yan'uwanmu mata suka tsinci ɓawon katantanwa cike da gyale. Mun kuma ga abin da bai yi mana daɗi ba, watau robobi da ledoji da silifa marasa 'yan'uwa, waɗanda birni ke zubarwa a kwata, ruwa ya kwaso ya jibge a nan. Ba za mu tsawaita a kan wannan ba, kowa ya san daɗin wasa. Abin da muke so ku lura da shi yana gefe biyu na wurin.

Tarkwa Bay wani lungu ne na rairayi da ke kwance tsakanin dogayen shingayen duwatsu guda biyu da suka miƙe cikin teku. Duwatsun baƙaƙe ne, manya, kuma ko yaro ya gan su ya san ba nan aka halicce su ba, gama duk ƙasar Ikko rairayi ce da laka. Malamin da ya raka mu ya sa muka hau kan shingen yamma, ya ce mu dubi dama mu dubi hagu. A yamma da mu ga wani fili na rairayi mai faɗi, ya miƙe iyakar ganin ido, da tsohuwar hasumiyar fitilar jirage a tsaye can baya. A gabas kuwa, ƙetaren mashigar jirage, ga wani shingen, bayansa kuma ga dogayen benaye na gilashi suna ƙyalli. Ya ce wa mai hoto, "To, ga wurin da mahaifinka ya tsaya can, ƙarƙashin waɗancan gine-gine." Sa'an nan ya zaunar da mu kan duwatsu ya warware mana yadda aka yi.

Ga taƙaitaccen bayanin. Igiyar ruwa a wannan gaɓa daga kudu maso yamma take tasowa, saboda haka ba ta bugun ƙasa kai tsaye, a karkace take bugunta. Kowace igiya in ta zo sai ta ɗan tura rairayi gabas. In ka tara wannan dare da rana, shekara da shekaru, sai ka ga ashe akwai wani kogi na rairayi da ba a ganinsa, yana gudu a hankali daga wajen Kwatano da Badagiri zuwa Ikko har gaba. Wannan rairayi shi ne yake taruwa a bakin mashigar Ikko ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa, ya hana manyan jirage shiga. Daga sunan wannan tudu da Turanci Bar Beach ta samo sunanta. A wancan zamani sai jirgi ya tsaya can cikin teku, ko ya wuce Forcados, a sauke mutane da kaya cikin ƙananan jirage, kuma an yi hasarar rayuka da dukiya a wannan tudu ba kaɗan ba. Don haka gwamnatin mulkin mallaka ta yanke shawarar kafa shingayen duwatsu su tsare bakin mashigar, a kuma yashe ta. Yawancin aikin an yi shi ne tsakanin 1908 da 1912, da duwatsun da jirgin ƙasa ya yi ta jigila daga wajen Abekuta. A watan Fabrairu na 1914 jirgin wasiƙu na farko ya shiga tashar Ikko da kansa.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen kudu ne, ina ruwanmu. Ku duba shekarun. Cikin 1911 jirgin ƙasa ya isa Kano, cikin 1912 aka haɗa hanyar dogo tun daga Kano har Ikko, tafiyar mil 700, kuma daga wannan shekara cinikin gyaɗa ya buɗe. Gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano, da audugar Funtuwa da Gusau, da fatu da ƙiraga, da kuzar Jos, da yawansu ta tsakanin waɗannan duwatsu da muka zauna a kai suka fita zuwa Ingila, tare da koko da manjan mutanen kudu. Kuɗin da aka gina wasu makarantunmu da asibitocinmu da su, ta wannan ƙofa suka shigo. Ashe kuwa in duwatsun nan sun jawo wani alheri muna da rabo a ciki, in sun jawo wata ɓarna ma ba za mu ce hannunmu bai taɓa ba.

Ɓarnar kuwa ga ta. Da aka datse kogin rairayi, sai ya taru a yamma, inda muka ga fili mai faɗi. Shi kansa lungun Tarkwa Bay da muka yi wasa a ciki, wannan aiki ne ya haife shi. Amma gefen gabas sai ya zama kamar gonar da aka tare wa ruwa daga sama: igiya tana ta kwashe rairayinsa tana yin gaba da shi, ba kuwa mai mayar masa. Masana sun ƙiyasta cewa a waɗansu shekaru teku yana cin mita 25 zuwa 30 na Bar Beach a shekara guda. Tun daga 1958 gwamnatoci suka shiga zuba rairayi da jirgin yasa, a zuba bana, baɗi ruwa ya kwashe, a sake ba da kwangila. Duk da haka wurin ya zama dandalin kowa da kowa. Ma'aikaci da lebura, mai tsire da mai doki, masu fararen riguna da ke addu'a a bakin ruwa, ɗan makaranta da ba shi da ko sisi, duk suna zuwa ba mai tambayarsu tikiti. Har abin baƙin ciki ma a nan aka yi shi a gaban jama'a, gama a nan aka harbe 'yan fashi bayan yaƙin basasa, cikinsu da Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971. Da aka shiga shekarun 2000 ruwa ya kai ga cin titin Ahmadu Bello da ke bin gaɓar, yana shiga ofisoshi da gidaje.

Maganin da aka samo daga ƙarshe shi ne a mai da ƙasar da teku ya ci, a kuma yi mata ganuwa. Daga wajen 2008 aka fara aikin da ake kira Eko Atlantic, inda aka tsara cike kimanin murabba'in kilomita 10 na teku da rairayi, a tsare shi da ganuwar duwatsu da tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne, tsawonta kilomita 8 da rabi. A watan Fabrairu na 2013 aka yi bikin ƙaddamar da filin, Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suna wurin. Gaskiya ɗaya ce, ganuwar ta tsare Tsibirin Biktoriya daga ambaliyar da ta addabe shi, kuma aiki ne na gwaninta wanda duk ɗalibin injiniya zai so ya gani. Amma abu biyu suka biyo baya. Na ɗaya, filin da ya fito daga ruwa ba dandalin kowa ba ne kuma, unguwa ce ta masu hali. Na biyu, mazauna ƙauyukan da ke gabas, irin su Okun Alfa, suna kuka cewa cin da teku ke yi ya ƙaura ne kawai zuwa ƙofar gidajensu. Masu aikin sun musanta cewa su ne sanadi, gwamnatin jihar kuma ta jera wasu shingayen duwatsu a can. Mu dai abin da muka fahimta daga kan dutsen da muke zaune shi ne, rairayi ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa, kuma duk wanda ya tare shi a nan, akwai wanda ya hana wa a can.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya kusa hana lissafinmu cika. Bayan azahar waɗansunmu suka tsallaka shingen yamma zuwa wancan fili mai faɗi, inda babu abin da ya tare igiya. A cikinsu akwai wani ɗan'uwanmu, ba za mu faɗi sunansa ba, yana nan zaune cikinku ya sunkuyar da kai. Ɗan bakin kogi ne, tun yana ƙarami yake ƙetare kogin garinsu da damina, kuma tun a mota yake gaya mana ruwa ba baƙonsa ba ne. Ya zaɓi wani wuri kusa da duwatsu inda ya ga ruwan ya fi kwanciya, babu farin kumfa, ya shiga. Kafin mu ƙirga ashirin sai muka ga kansa ya yi nisa. Ya juyo yana iyo da iyakar ƙarfinsa zuwa gare mu, amma maimakon ya matso sai ƙara nisa yake yi. Muka tsaya a gaɓa mu goma sha wani abu, masu karatun digiri, ba wanda ya iya kome sai ihu da salati. Ɗayanmu ya tuɓe riga zai faɗa, Allah Ya sa wani ya riƙe shi, da yau gawa biyu ake magana.

Wani yaro ne ya cece shi, ɗan wurin, wanda bai fi shekara goma sha huɗu ba. Yaran Tarkwa Bay suna da wani wasa na hawan igiyar ruwa a kan dogon allo, har sun yi suna a kansa. Yaron nan ya ruga da allonsa, ya faɗa daidai inda ruwan ya ja ɗan'uwanmu, ya bar ruwan ya kai shi gare shi, ya sa shi ya rungumi allon. Sa'an nan, maimakon ya nufo gaɓa, sai ya yi gefe da shi, suna bin tsawon gaɓar, har suka fita daga inda ruwan ke ja, igiya ta turo su waje. Daga baya aka yi mana bayani, kuma muna roƙon kowa ya riƙe shi, ko da bai riƙe kome cikin jawabin nan ba. Ruwan da igiya ke turowa gaɓa dole ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya, sau da yawa a gefen duwatsu, da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Wurin yakan yi kama da ya fi ko'ina lafiya, don igiya ba ta fashewa a kansa. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka kwanta a kan ruwa, ka ɗaga hannu a gan ka, in kana da sauran ƙarfi ka yi iyo ta gefe. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, gajiya da firgita ne ke kisa.

Da hankalinmu ya komo, muka bi yaron zuwa rumfar kakarsa, wata dattijuwa mai gasa kifi, domin mu yi godiya. Wani dattijo mai tsire, mutumin ƙasarmu da ya daɗe a can, shi ya yi mana tafinta inda Turancin buroka ya gagare mu. Muka ce, "Iya, ina gidanku, mu je mu gai da iyayen yaron nan?" Ta yi shiru, sa'an nan ta nuna wani fili da ciyawa ta rufe, ta ce can yake a da. Mai tsire ya ce, "Samari, ashe ba ku da labari?" Lalle ba mu da shi, sai da muka dawo muka bincika. Ran 21 ga Janairu 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay, kuma mutanen sun ce sa'a guda aka ba su su kwashe kayansu. Ƙungiyoyin kare hakkin jama'a sun ƙiyasta waɗanda abin ya shafa da kimanin mutum 4,500. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne fasa bututun mai da ake yi a yankin, gama ma'ajiyar mai ta Atlas Cove tana nan kusa, kuma daga nan bututu ya tashi zuwa cikin ƙasa. Dattijuwar ta ce sun kwana a bakin tashar jirgi a cikin birni da tukwanensu da tabarminsu, yaron nan kuwa lokacin yana ƙarami, a kan buhun kaya ya yi barci. Ta ce ta dawo ne don ba ta san wata sana'a ba sai ta bakin ruwa.

Ba mu zo nan don mu ce satar mai ƙarya ce ba. Gaskiya ce, kuma gobarar bututu ta ci rayuka da yawa a ƙasar nan. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, amma mai hankali waken yake tsincewa, ba ya zubar da garin. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wannan ba shi ne farko ba. A watan Yuli na 1990 aka rushe Maroko, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, filin kuma ya zama unguwar masu kuɗi. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi masuntan Otodo Gbame, kimanin 30,000. A watan Afrilu na 2024 ma katafila ta shiga wuraren shaƙatawa na bakin teku a gefen Oniru, har da na masu jari, domin a buɗe hanyar da za ta bi gaɓa daga Ikko zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita 700. Kowane ɗaya da dalilinsa, waɗansu dalilan ma masu ƙarfi ne. Amma in ka jera su sai ka ga hanya guda suka bi: bakin ruwa yana ƙara daraja, talaka yana ƙara nisa da shi.

To, ina ruwan wannan taro da duk wannan? Yayyenmu ma'aikata, ku ne kuke riƙe da fayil yau, mu kuma gobe muna tafe. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma a matsayin amana domin amfanin dukkan 'yan Nijeriya. Gwamna kuwa ba ya auna fili da kansa, ba ya zana taswira, ba ya rubuta takardar shawara. Safiyo ne, da injiniya, da jami'in tsara gari, da akawun da ke ɗaga fayil daga wannan tebur zuwa wancan, watau irinmu. Turawan da suka sa hannu a kan aikin shingayen nan sun daɗe da zama ƙasa, amma fiye da shekara ɗari bayansu rairayi yana nan yana bin umurnin da suka rubuta. Mu ma mun san irin wannan a gida: tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974 manoman Kadawa suka sami ruwan rani, masu fadama da masunta na Haɗeja da Nguru kuma suka ga ambaliyar da suke dogara da ita ta ragu.

Saboda haka muna da roƙo. In an kawo maka takardar wani babban aiki, bayan ka karanta shafin da ya lissafa waɗanda za su amfana, ka tambaya ina shafin waɗanda ke gabas da shingen, waɗanda za a tare wa nasu rabo. In babu shi, ka ce a rubuto. In an shimfiɗa maka taswira aka nuna maka wuri fari aka ce fili ne ba kowa, ka sa takalminka ka je ka duba da idonka, gama a taswirar da muka tafi da ita ba a zana rumfar dattijuwar nan ba, ba a kuma zana jikanta ba, alhali kuwa ba don shi ba da yau zaman makoki muke yi. In tashin mutane ya zama dole, to, a ba su sanarwa da wa'adi, a tanadar musu inda za su, a biya su diyya, kada a mai da su kamar shara. Sa'an nan duk garin da aka ba ka tsarawa, ka bar wa marar kuɗi wurin da zai zauna ya sha iska ba tare da an tambaye shi tikiti ba, ko bakin ruwa ne, ko filin ƙwallo, ko inuwar itace.

Ga ƙungiya kuma muna da ƙaramar shawara. Duk ayarin da za a sake turawa inda akwai babban ruwa, a zaunar da su kafin su tashi a yi musu bayanin da mu ba mu samu ba sai bayan da abin ya faru, kuma kada kowa ya shiga ruwa sai ya tambayi 'yan wurin inda ake shiga.

Da la'asar sakaliya matuƙi ya aiko a gaya mana mu hanzarta, don ba ya son duhu ya same shi a mashigar jirage. Muka haɗa ɗan abin da ya rage a aljihunmu muka ba yaron, ya karɓa yana dariya, ya gaya wa ɗan'uwanmu cewa in ya sake zuwa zai koya masa iyo. Mai hoto kuwa, da ya ga ba shi da hanyar cika alkawarinsa, sai ya hau kan shingen, ya riƙe hoton mahaifinsa a ƙirji, benayen nan suna bayansa, aka ɗauke shi haka. Ya ce da ya kai wa tsohon, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaye shi, "To, yanzu ina yaran Obalende suke zuwa ran Lahadi?" Bai sami amsar da zai ba shi ba, mu ma ba mu da ita, shi ya sa muka kawo muku tambayar.